Taragon da Na Bari a Gida

Ba zan taɓa mantawa da bikin rufe makaranta na shekarar nan ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, mutanen Filinge ba su da niyyar barina. Har yau in na shiga kasuwa ranar Lahadi, sai in ga wata mai tattasai ta dube ni daga sama har ƙasa (tafiyar ba ta da nisa, na sani) tana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, domin yadda ake ba da shi a gari, an cire duk wuraren da nake da gaskiya. Kuma ina da gaskiya a wurare da yawa.

Ni malamar fizik ce a wata kwalej a nan garin. Na daɗe ina koyar da darasin wutar lantarki, har wasu daga cikin yaran da na koya wa haɗa batir da ƙwan fitila su ne yanzu ke ja wa manyan mutane waya a gidajensu a Yamai. Ku riƙe wannan, don ku gane girman cin fuskar da aka yi mini.

A siton makarantarmu akwai wani ƙaton kwali da wasu Turawa ’yan ƙawance suka aiko tun kafin a kawo ni. Littattafan ciki an rabar, ƙwallayen an fasa, sauran kuwa babu mai kula da su sai gara. Ranar da aka zo sharar siton aka zazzage kwalin, sai ga jirgin ƙasa na wasa: kan jirgi baƙi mai nauyi, taragun fasinja huɗu kowane ya kai tsawon kamu ɗaya, da guntayen layin dogo da ake harhaɗawa su yi zobe. Ni na kwashe su. Ni na goge tsatsar layin da toka da lemun tsami, ni na ɗiga wa injin man keken ɗinki, ni na jona shi da batirin sola. Da ya motsa ya fara zagaye tebur, malamai suka taru a kansa kamar yara, domin yawancinmu ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya ba sai a talabijin.

Shugaban makarantarmu, Mushe Direkta (Mushe shi ne Malam da Faransanci), wanda mutum ne mai son a gani a yaba, nan take ya ce za a nuna shi ranar biki a gaban Insfekta mai duba makarantu da iyayen yara. A taron malamai na ɗaga hannu na kawo shawara. Na ce gilasan tagogin taragun sun dafe don tsufa, cikinsu duhu ne ƙirin. In aka sa musu ƙananan fitilu a ciki, aka rufe tagogin aji, zai fito kamar jirgin gaske mai tafiyar dare.

Sai Mushe Sumana, malamin lissafi, ya kishingiɗa a kujerarsa ya ce, “Madam, wutar da kinka sani ai ta murhu ce. Wanga aiki na maza ne.”

Aka yi dariya. Har da Direkta, cikinsa na rawa. Da ya gama sai ya share hawaye ya yanke hukunci: “To, Madam ta yi, amma Mushe Sumana ya riƙa duba aikin.”

Ya riƙa duba aikin! Sumana! Mutumin da in tocilarsa ta mutu bugunta yake yi a tafin hannu yana yi mata addu’a! Kunnuwana har hayaƙi suke yi.

Shi ma Insfektan da ake ta shiri dominsa, ina da tawa da shi. A farkon shekarar ya zo ya zauna a bayan ajina, tabarau a kan tsinin hanci, yana sakace haƙori tun daga farkon darasi har ƙarshe. Na yi darasi mai kyau, yara suka amsa, gwajin da na yi ya kama. Da muka fito, abin da kawai ya samu ya faɗa shi ne, “Madam ba ta amfani da saman allo.” Da me zan kai saman allon? Da tsani? (Allah ya yi ni gajera, mai ɗan jiki kuma. Ban taɓa jayayya da wannan ba.) Ya shiga motarsa ya tafi, da wani rago ɗaure a baya wanda ƙungiyar iyayen yara ta ba shi wai don gaisuwa. Kowa ya san duk makarantar da ya je ba ya komawa Tilaberi shi kaɗai.

To, na kama aiki, kuma da zuciya na kama shi. Na ɗauki tarago ɗaya na tafi da shi gida don gwaji. Buɗe rufinsa kaɗai sai da na haɗa da reza da wuƙar yankan albasa. Na je wurin mai gyaran rediyo a bakin tasha na kwaso matattun tociloli, na ciro ’yan ƙananan ƙwayayen fitilarsu, na ari ƙarfen narka dalma. Gwajin farko, hasken ya yi yawa har yana ratsa bangon taragon, abin ya koma kamar kabewa da aka cusa wa garwashi. Na liƙe cikinsa da takardar shayi mai ƙyalli, na rage ƙarfin wutar har ta zama ruwan ɗorawa mai sanyi, irin ta ɗakin da ake hira. Na yanko siraran jan ƙarfe na sa suna gogar ƙafafun taragon don su ɗebo wuta daga layin dogo. Na ƙone yatsa, na narkar da kujera ɗaya, mayafina mai kyau har yau da huda a gefensa.

Sai wata matsala ta ɓullo. Da jirgin ya taka ’yar ƙura ko mahaɗar layi, sai fitilun su riƙa ƙyaftawa kamar mai ciwon ido, in ya tsaya kuma su mutu ɗif. Wannan ta hana ni sukuni, har na tuna da kondansata, wani ɗan abu mai kamar ƙaramin gwangwani da ke cikin rediyo, wanda aikinsa shi ne ya sha wuta ya riƙe, ya riƙa sakinta a hankali. Na sa shi, ƙyaftawa ta ɗauke. Ko an cire waya, fitilun sai su ci gaba da haske na ɗan lokaci. A taragon gwajin ma, don zumuɗi, manya na jera masa har babu sauran wuri a ƙarƙashin kujeru. Ranar na taka rawa ni kaɗai a tsakar gida.

Shi kuwa mai duba aiki, bai taɓa saɓa lokaci ba. Da na buɗe kwanon abincina a ɗakin malamai sai in ji gaisuwarsa ta Zabarmanci, “Fofo, Madam, na taho duba aiki.” Ya ja kujera, ya miƙo wuya, ya duba dambun da zogalen har ƙasan kwano, ya suɗe yatsu, ya ce, “Ci gaba, aiki na kyau.” Ko sau ɗaya bai taɓa tambayar wace waya ce ke zuwa ina ba.

Da fitilu suka kama sai na lura kujerun fayau suke, jirgi ba fasinja ba shi da kyan gani. Na samo yumɓu wurin masu ginin tukwane, na roƙi ƙyallaye wurin tela, na fara ƙera mutane kamar girman babban yatsa. Wallahi da kyakkyawar niyya na fara: mace da goyo, Bafillace da malfa da sanda, tsoho da buta, ’yan mata da kwallaye. Su na zuba a taragu ukun da ke makaranta.

Sai wata rana da la’asar na ji da kunnena Sumana yana ce wa Direkta, “Aikinmu ya kusa, na nuna mata inda ta kuskure.” Aikinmu. Na nuna mata. Na dawo gida, na zauna na sa hannu a yumɓu don in huce. Ni dai mulmulawa nake yi, sai na ga tumbi ya fito. Da na ga tumbin sai na gane mai shi.

Na yi Direkta a kishingiɗe, ƙafafu bisa kujerar gaba, baki a hangame, wayarsa kwance a kan ciki, daidai yadda yake yi a ofis bayan azahar lokacin da yake cewa yana nazari. Na yi Sumana da wuya kamar na zalɓe, ya miƙa shi ya tsallake kujera guda ya zura kai cikin kwanon wani. Na yi Insfekta da tabaran waya a tsinin hanci da tsinke a baki, a kujerar kusa da shi kuma, wurin da mutum ya kamata ya zauna, na zaunar da rago na auduga mai ƙahoni, igiyarsa a hannun maigidan. Ban taɓa sanin ina da wannan baiwar ba. Ko uwayen da suka haife su ba za su yi musu ba.

Sannan na yi kaina. Na zauna a kujerar gaba ta bakin taga, ina kallon waje, ban ma san da su ba. Na yanki gefen wata atamfata na yi wa kaina riga da zane da ɗaurin kai mai tashi. A ganina dai ni ce sak.

Duk na zuba su a taragon gwaji, na mayar da rufi, na ɗora shi can saman kabad. Direkta kuwa na ce masa na huɗun ya lalace, ba ya gyaruwa. Duk ranar da suka ɓata mini rai sai in taka kujera in sauko da shi, in jona waya, in zauna ina kallonsu har zuciyata ta yi sanyi. Wasu shayi suke sha in an ɓata musu rai, wasu su huce a kan ’ya’yansu. Ni nawa maganin ke nan, kuma ku gaya mini wa na cuta.

Yanzu bari in kawo muku maigidana, Baban Rabi. Malamin dabbobi ne, mutumin kirki, ba ya faɗa, ba ya zagi. Amma tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin ya ɗauke ko tsintsiya daga hanya ba. Tsallake ta yake yi. In na ce ya biya ya sayo mini gishiri in zai dawo daga kasuwar dabbobi ta Tabla, sai ya dawo da labarin wata saniya mai kumburin ciki, babu gishiri. Wannan bawan Allah, a duk ranakun duniya, ranar bikin nan ya zaɓa ya zama mai taimako.

Ran biki na yi sammako na tafi. Muka haɗa tebura a babban aji, na shimfiɗa layi, na kafa wani dogon dutse na kwali mai kogo wanda ya rufe duk ɓangaren baya, na ɓoye jirgin a ciki don kada kowa ya gan shi kafin lokaci. A gaba kuma, dab da kujerun manyan baƙi, na gina ’yar tasha na rubuta mata Filinge. Na gwada komai, komai lafiya. Na ba maigadi mabuɗi na fita filin makaranta, inda aka jera mu a rana ana ta jawabai.

A daidai lokacin shi kuma Baban Rabi yana gida yana neman hularsa ta zuwa taro. Ya miƙa hannu saman kabad (shi ba ya buƙatar kujera), ya ci karo da tarago. Ya duba tagogin, duhu, bai ga komai ba. Ya ce a ransa, kai, Madam ta yi mantuwa, yau za ta ji kunya. Ya naɗe shi a rawani, ya hau babur, ya zo ya samu maigadi ya buɗe masa, ya ɗaga dutsen kwalin, ya saƙala taragon a wutsiyar jirgi, ya daidaita ƙafafunsa a kan layi, ya mayar da dutse. Ashe duk zaman da yake yi yana shan shayi ina aiki, kallo yake yi yana koyo. Mutumin da bai san inda ake ajiye ashana a gidansa ba!

Aka gama jawabai aka ɗunguma cikin aji. Insfekta da Direkta a kujerun gaba, dattawan gari a bayansu, iyaye mata a gefe, yara a ƙasa sun kewaye teburan. Aka rufe tagogin ƙarfe, aka rataya barguna, ɗaki ya yi duhu, zafi ya taso kamar an rufe mu a tanda. Sumana ya miƙe ya yi bayanin “yadda munka yi wanga aiki”, har da cewa wutar tana tafiya a cikin waya ne kamar ruwa a tiyo. Na ƙyale shi. Na tsaya can ƙarshen tebur kusa da batir, na yi bisimilla, na jona.

Jama’a, abin ya yi kyau. Wannan ma a gari ba a faɗa. Kan jirgin ya leƙo daga kogo, sai tarago na farko ya biyo, tagoginsa na zubo haske a kan tebur, ga mai goyo, ga mai malfa, kamar ka kira su su waiwayo. Ɗakin duka aka ɗauki salati. Wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana ci-rani a Abijan ya miƙe tsaye ya ce, “Wallahi haka yake! Haka munka shige shi da dare, ina yaro, ban san kowa ba!” Na ji ƙwalla ta cika mini ido. Na ce a raina, yau dai Sumana zai san wutar da na sani.

Na biyu ya fito. Na uku ya fito. Na buɗe baki zan yi murmushi.

Sai na huɗu ya fito.

Ya fi sauran haske, domin shi ya sha gyara fiye da kowa. Na tsaya ina kallonsa yana tafe a wutsiya, a natse, kamar an gayyace shi. Da ina da hankali a lokacin, da na ƙara wa jirgin gudu ya wuce fuu ya koma kogo, babu wanda zai ga komai sai walƙiya. Amma tsoro ba ya shawara da fizik. Na fizge wayar daga batir.

Jirgin ya ja ya tsaya cak a tashar Filinge, tarago na huɗu daidai gwiwar Insfekta. Taragu ukun gaba suka fara dushewa a hankali. Shi kuwa na huɗun, mai kondansatocin da na taka wa rawa, ko gezau. Yana nan tar, shi kaɗai a cikin duhu, kamar talabijin. Waya na hannuna, ina ta girgiza ta kamar hakan zai sa wutar ta dawo ta inda ta bi.

Wata yarinya ’yar ajin farko ce ta fara. “La! Ga Direkta na kwana!”

Yara suka yi caa a kan taga. Dariya ta fara daga ƙasa, ana toshe baki. Sumana ya sunkuya ya leƙa, ya ga tumbin, ya tuntsire har yana dukan cinya, ya manta a gaban wa yake. Sai wani daga cikin iyaye ya ce, “Mushe, to wancan mai dogon wuya cikin kwanon mutane fa?” Sumana ya sake leƙawa, ya ga kansa. Nan take kuma ya ja da baya ya ce da ƙarfi, “Ni ban san komi ba cikin wanga aiki! Ita ɗai ta yi shi, tun daga farko har ƙarshe!” (Gaskiyar da na yi wata da watanni ina jiran ta fito daga bakinsa ke nan. Ga lokacin da ta zaɓa.)

Sai aka ga ragon.

Dariya ta ɗauke kamar an yanke ta da wuƙa. Shugaban iyayen yara, wanda da hannunsa ya ɗaura ragon gaske a motar, ya shiga kallon rufin ɗaki. Direkta yana numfashi da ƙyar. Insfekta ya sunkuyo, ya tura tabaransa daga tsinin hanci zuwa sama, ya ƙura ido. Ni kuwa a tsaye nake amma na riga na fara ɗaure kaya a raina. Ina ganin takardar canjin wurin aiki, ina ganin wani ƙauye can bayan Damana inda mota ke zuwa in ta ga dama, ina tunanin wa zan bar wa ’yata Rabi.

Fitilun suka fara dushewa, na ce alhamdu lillahi. Sai Insfekta ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Madam, maido wutar.”

Na maido. Da hannuna. Ya sa yatsa ya tare kan jirgin don kada ya tafi.

“Wanga Direkta ne,” in ji shi a hankali. “Wanga malaminku na lissafi. Wanga kuma ni ne, da abokin tafiyata.” Ya jinjina kai. “Duka na gane. Aiki ya yi kyau, babu wanda anka zalunta a kama. Amma wagga doguwar ta gaba, mai wuya kamar barewa, wace ce? Ban gan ta cikin malamanku ba.”

Aka sake matsowa ana leƙe. Wata ta ce ko ’yar fim ɗin Indiya ce. Wani ya ce a’a, matar gwamna ce. Wata tsohuwa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai irin wannan ƙugu a duk ƙasarmu ta Kurfai ba, sai dai ko baƙuwa ce. Ina tsaye a gabansu. A gabansu nake tsaye, da irin ɗaurin kan, babu wanda ko ya waiwayo! Na ce a raina, Allah ka sa a tashi a haka.

Sai na ji murya daga bakin ƙofa, cike da alfahari, muryar da na sani fiye da tawa.

“Ai Madam ce! Ranka ya daɗe, maiɗakina ce! Ga atamfar nan da na sawo mata a Yamai, ni na zaɓe ta!” Ya kutso ya leƙa da kyau, sannan ya ƙara da muryar mai duba dabba a kasuwa, “Sai dai an ɗan ƙara mata tsawo. An kuma rage wani wurin.”

Duk ɗakin ya juyo. Suka dubi ta cikin taragon. Suka dube ni. Suka sake duban ta cikin taragon.

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Dattawa suna riƙe juna. Mata sun zube a kan tabarma. Dattijon Abijan, wanda ɗazu ya kusa sa ni kuka, yana tari yana neman ruwa. Direkta, da ya kamata a ce yana fushi, tumbin nan na rawa har wayarsa ta faɗo daga aljihu. Insfekta ya cire tabarau yana share ido da hannun riga, yana cewa, “Wagga kam tana kai saman allo!”

Ku duba rashin adalci. Na yi mutum uku, kowa ya shaida babu kuskure ko na ƙwayar gero. Na yi jirgi mai fitilun da ba sa ƙyaftawa, abin da ba a taɓa gani ba a garin nan. Amma abin da aka tashi da shi, abin da ya riga ni isa unguwarmu, shi ne wai Madam ta ƙera kanta doguwa. Kuma tsawon da ake ta magana, nawa ne? Ɗan kaɗan ne. Yumɓun ne ya miƙe da na zo gyara wuyan.

A kan babur muna komawa na bari sai da muka wuce tasha. Sannan na fashe. “Shekara nawa ina roƙonka gishiri? Gishiri! Yau wa ya aike ka?”

Ya ce, “Haba Madam, ni da na cece ki. Ba ki ga kowa ya ji daɗi ba?”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Dariyar da aka yi mini ce ta wanke ragon. Insfekta ba zai iya hukunta matar da gari duka ya gama yi wa dariya ba, sai a ce ragon ne ya yi masa ciwo. Kafin ya tafi ya sa aka buɗe rufin taragon, ya ɗauki mutum-mutuminsa da ragonsa ya sa a aljihu. Takardar canji ba ta zo ba. An ce a ziyararsa ta gaba motarsa wayam ta koma, amma wannan ban gani da idona ba.

Direkta kam sai da na je har gida ban haƙuri, da goro da sunkuyar da kai. Ya ɗaure fuska yana yi mini wa’azi a kan girmama na gaba, sai uwargidansa ta leƙo daga ɗaki ta ce, “Madam, don Allah in ba ki da amfani da mutum-mutumin nan nashi ki ba ni. Tun muna amare nake gaya mishi da baki buɗe yake kwana, yana cewa sharri ne.” Na ba ta. Yana nan cikin kabad ɗinta na gilashi, tsakanin kofuna, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa. Sumana ya yi sati biyu ba ya gaishe ni, na ci abincina ni kaɗai cikin kwanciyar hankali, sannan ya huce, abin baƙin ciki.

Doguwar kuwa ban fasa ta ba. Me ta yi? Tana nan a wurina, na dai sauya mata zane.

Abin da na koya shi ne, in abokan aiki sun ɓata maka rai, ka faɗa musu da baki a wurin taro, a yi cacar baki a tashi. Magana tana bin iska, yumɓu kuwa bushewa yake yi ya zauna yana jiran ranarsa. In kuma hannunka ya matsa sai ka ƙera su, to kada ka sa kanka a ciki, kada ka yi wa wurin fitila mai kyau haka. Ke kuma ’yar’uwa mai addu’ar Allah ya sa maigida ya fara taimaka miki da aiki, ki riƙa faɗin wane aikin.